Bargo Mai Kukan Gyare

Da farko Masaƙi ya ɗauka gyare ne ya shigo ɗakin. Ya farka cikin duhu ya ji wani ɗan siririn kuka, ƙit, sai shiru, sai kuma ƙit. Amma gyaren da ya sani in ya fara kuka ba ya tsayawa hutu, wannan kuwa yana yi yana tsayawa kamar tsoho mai hawan bene. Ya lalubo tocila, ya ɗauki takalmi ɗaya a hannu, ya haska ƙarƙashin gado, ya haska bayan akwati, ya ɗaga tabarma. Duk inda ya nufa sai ya ji kukan yana bayansa. Da ya gaji ya zauna a bakin gado, sai ya lura kukan yana fitowa ne daidai lokacin da ƙirjin matarsa ya ɗaga, ya ɗauke in ya sauka. Ya haska fuskarta. Ashe idonta biyu, tana ta danne dariya har tari ya sarƙe ta.

"Ajiye takalmin nan, Baban Auta," in ji ta, "kada ka kashe mini bargo."

Matar, wadda kowa a layin ke kira Maman Auta, ta ƙarar da ƙuruciyarta a wata babbar masana'antar zare, tana tsaye gaban inji cikin ƙurar auduga har ranar da aka rufe wurin. Abu biyu ta fito da su daga can: hannun da ya san zare, da ƙirjin da ke shaƙewa. Tun da ciwon ya yi ƙarfi mijin ya tsiri wata ɗabi'a ta kai ɗan yatsa kusa da hancinta don ya ji ko tana numfashi. Ko yana tsakiyar aiki a rumfarsa da ke jikin gidan, sai ya ajiye ƙoshiya, wato ɗan katakon nan mai kama da kwale-kwale da ke kai zare ya komo, ya shigo a hankali ya kai yatsa. Ta sha gaya masa in ciwon bai kashe ta ba yatsansa zai yi, don tun da ya fara ba ta ƙara yin barci mai nauyi ba. Ya ce to, amma bai daina ba.

Shi ne ta aika aka kira ƙaninta, Mai Rediyo, wanda yake da teburin gyara a bakin titi, mutum mai baki kamar reza, musamman a kan mijin yayarsa. Ta ce ya riƙa tara mata siririyar jar wayar nan mai kama da gashin kai da ake samu a cikin matattun fankoki. Ta fito da tsohon mazarinta ta zauna kaɗi, yau ta yi, gobe ciwo ya hana. Masaƙi ya zaci tana rage zaman banza ne. Da ta gama ta miƙa masa ƙullin zaren ta ce ya saƙa mata ɗan bargo. Ya ji zaren da sanyi a hannu, da nauyi kuma fiye da na auduga, ya tambaya. Ta ce shi dai masaƙi ne ko ɗan sanda? Haka ya saƙa abin da hannunsa bai san me yake saƙawa ba. Bayan nan Mai Rediyo ya zo a ɓoye ya ɗinka wani ɗan abu kamar maɓallin riga a kusurwar bargon, da batirin agogo a cikinsa.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar faɗa. In ƙirji ya ɗaga, bargon ya ɗan miƙe, wayar da ke cikin zaren ta ɗan buɗe, maɓallin ya ji ya yi kuka. Wuyar tana wajen wayar, don siririyar waya ba ta son a ja ta, ba ta kuma son wanki, nan da nan take tsinkewa. Maman Auta ta gano cewa in ta naɗe wayar ta hagu a kan zaren roba, ta rufe ta da auduga ta dama, tana sassauta yatsa a wani wuri da ita kaɗai ta san shi, to ko an wanke an matse an shanya, wayar tana nan lafiya. Bargon yana da laushi kamar kowane bargo. In ba a gaya maka ba, ba za ka ce akwai ƙarfe a ciki ba.

Daga ranar Masaƙi ya huta, ita ma ta huta. Ya bar ƙofar da ke tsakanin rumfa da ɗaki a buɗe, yana jefa ƙoshiya yana jin ƙit, ƙit, har hannunsa ya koyi tafiya tare da kukan. Mai Wanki, maƙwabciyarsu da katanga ɗaya ta raba su, ta yi kwanaki tana yayyafa maganin ƙwari a ɗakinta kafin a gaya mata. Da ta sani sai ta ce yanzu ita ma in ba ta ji kukan ba guga ba ta yi mata daɗi.

To, masu saƙa na wannan layi suna da yadda suke yi. A ƙofar kowace rumfa akwai doguwar sanda a gicciye. In mutum ya fito da sabon zubi ko sabon aiki, sai ya rataya shi a sandar, kowa ya zo ya gani, ya taɓa, ya juya bayansa, ya tambaya a ba shi amsa. Daga ranar an san na wane ne, kuma ba mai saƙa irinsa sai ya zo ya nemi izini. Wanda ya ɓoye aikinsa a ɗaki kuwa, in wani ya riga shi ratayawa, ba shi da bakin magana. Masaƙi ya tashi ya tarar ana haka, bai kuma taɓa jin an yi rigima a kan abin da aka rataya ba.

Don haka bai samu natsuwa ba. Ya ce a rataya bargon. Maman Auta ta ce ya dakata, bakin bai yi mata yadda take so ba, kuma ba ta ga abin sauri ba. Shi kuwa ya ga masaƙin da ke tsallaken titi yana yawan leƙo rumfarsa yana karkata kunne. Wata safiya tana wanka ya ɗauki bargon ya fita ya rataya.

Ranar layin ya cika. Aka yafa wa wani ƙaton dillali bargon, ya ja numfashi, bargon ya yi kuka, mutane suka watse da dariya suka dawo. Masaƙi ya tsaya a gaban sandar kamar ango. Duk wanda ya zo sai ya ce masa aikin uwar 'ya'yansa ne, shi saƙawa kawai ya yi. Ya warware zare ɗaya daga gezar ya nuna musu roba a tsakiya, waya ta hagu, auduga ta dama, har wurin da ake sassauta yatsa, don ya sha zama yana kallon hannunta. Masu wayar hannu suka ɗaga wayoyinsu suna ɗaukar bidiyo, shi kuma yana ƙara matso da zaren don su gani da kyau. Da ta fito ta tarar, ba ta yi faɗa ba. Ta ce tun da an rataya an rataya, a dai dawo mata da abinta kafin sanyin yamma. Daga baya matan da suka zo tambaya ita da kanta ta zaunar da su ta nuna musu, amma ba wadda ta jure, don aikin yana cin ido.

Aka yi fiye da shekara a haka. Ciwon yana ta cin ta a hankali. Ta daina fitowa tsakar gida, daga baya ta daina zama sai an jingina ta da matashi. Kukan bargon ma ya sake, ya zama gajere, yana zuwa kusa da kusa.

Wata yamma Auta, 'yarsu da ke aiki a kantin magani, ta dawo da wani abu a leda, fuskarta ba walwala. Mayafin jarirai ne a cikin kwali mai sheƙi, da hoton uwa tana barci hankali kwance. An kawo su kantin a ranar. Auta ta shimfiɗa shi a kan cinyar uwarta ta ja gefensa, ya yi ƙit. Maman Auta ta ce a ba ta allura. Ta tsinke zare ɗaya ta kai kusa da ido ta warware. Roba a tsakiya, waya ta hagu, auduga ta dama. A jikin kwalin akwai sunan wani kamfani da manyan haruffa, a ƙasa kuma an rubuta cewa sun nemi a ba su mallakar wannan ƙirƙira.

Ta ajiye zaren a cinyarta. Bargonta ne kawai ke magana, da sauri da sauri. Sannan ta ba su labarin da Masaƙi ya sani amma Auta ba ta taɓa ji ba. A masana'anta, tana budurwa, ta gano wani ƙulli na haɗa zaren da ya tsinke ba tare da an tsayar da inji ba. Ta koya wa ta kusa da ita, ta kusa ta koya wa ta gaba, har shugaban sashe ya gani. Bayan 'yan watanni aka kafa hotonsa a bangon ofis, aka rubuta a ƙasa cewa shi ya ƙirƙiro ƙullin. Kullum ta zo karɓar katin shiga sai ta wuce ta ƙarƙashin hoton nan, har aka rufe wurin.

"Ba na son komai nasu," ta ce, tana hutawa tsakanin kalmomi. "Su sayar, Allah ya ba su kasuwa. Amma wannan karon a rubuta a wani wuri cewa ni ce. In gani da idona kafin in tafi."

Auta ta ce akwai ofishin gwamnati da ke ba da irin wannan takarda, wadda ke shaida wanda ya fara ƙirƙiro abu. Masaƙi ya ji zuciyarsa ta yi sanyi, don in dai shaidar wanda ya fara ce ake nema, shi kam yana da ita har ta yi yawa. Ya dafa gefen gadon ya yi mata alkawari zai kawo takardar ya sa mata a hannu.

Bai ɗauki bargonta ba, don ba zai iya barin ta babu shi ba. Ya ɗauki wani ƙaramin ƙyalle da aka saƙa da ragowar zaren, shi ma da nasa maɓallin, ya sa rigarsa ta fita unguwa, Mai Rediyo ya raka shi. A cikin mota Mai Rediyo bai bar shi ya huta ba. Ya ce in sun isa ya bar masa magana, don mutumin da ya yi farautar bargo da takalmi bai kamata a bar shi gaban hukuma ba. Masaƙi ya ce da shi da fankokin da yake kashe wa mutane ya ce sun mutu da kansu, ai shi ya kamata ya ji tsoron hukuma. Suka yi ta yi har fasinjoji suna murmushi.

Ofishin yana hawa na sama a wani dogon gini mai warin tsohuwar takarda. A zauren jira akwai kabad na gilashi cike da abubuwan da mutane suka taɓa kawowa: laima mai ɗan fanka a ciki, cokali mai auna nauyin abin da ya ɗebo, takalmi mai fitila a hanci, da wani tarkon ɓera mai ƙofa kamar ta gidan mai kuɗi. Masaƙi ya daɗe a gaban kabad ɗin. Ya yi tunanin kowane ɗaya akwai wanda ya hana kansa barci a kansa, wataƙila akwai matar da ta ce masa ya kashe fitila ya kwanta. Ƙura ta rufe su duka, amma kowanne da ɗan kati a gabansa, da sunan mai shi. Katin nan ya fi komai ɗaukar idonsa.

Aka kira su wurin wata ma'aikaciya, mace mai furfura kaɗan a goshi, da tabarau rataye a wuya. Ta karɓi ƙyallen ba tare da wani ɗoki ba. Ta ce kada su ji haushi, amma saka waya a cikin tufa ba sabon abu ba ne, an daɗe ana kawo musu riguna masu auna zafin jiki da safa mai ƙirga taku, yawancinsu kuma wanki ɗaya ke gamawa da su. Mai Rediyo ya ce wannan an wanke shi har kalarsa ta koɗe. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta sa tabarau, ta jawo wani gilashi mai ƙara girman abu. Ta ja ƙyallen, ya yi kuka. Ta murɗe shi kamar mai matse wanki, ta sake ja, ya sake yi. Ta warware zare ɗaya ta daɗe a kansa, har ta manta da su. Da ta ɗago, fuskarta ta sake. Ta ce wayar ba sabuwa ba ce, maɓallin ma ba sabo ba ne, amma wannan naɗin ba ta taɓa ganin irinsa a cikin abin da aka yi wa rajista ba, kuma irinsa ne ake ba wa takarda. Ta tambayi sunan mai aikin. Masaƙi ya faɗa a hankali, don bai saba kiran sunan a gaban mutane ba. Ta jawo biro.

"Kafin yau, akwai wanda ya taɓa ganin yadda ake yin sa?"

Wannan ce tambayar da ya kwana yana jira. Ya gyara zama. Ya ce ranki ya daɗe, ai ba wanda bai gani ba. Ya rataya shi a sanda a gaban duk layin, ya warware zaren ya nuna wa kowa, in ana son shaidu gobe zai cika mata ofis da su. Mai Rediyo ya zaro wayarsa ta hannu yana murmushi ya nemo hoton bidiyon da wani ya ɗora a intanet, ya ce ga shi har da ranar a ƙasa, kada wani kamfani ya zo ya ce ya riga su. Ta karɓi wayar ta kalla. Ga Masaƙi a gaban sanda, yana matso da zaren kusa, yana cewa ta hagu, sannan ta dama, a nan ake sassautawa. Ta kalla har ƙarshe, ta duba ranar, ta ajiye biron a hankali ta cire tabarau.

Ta yi musu bayani da murya ƙasa ƙasa, kamar mai gaya wa dangi sakamakon asibiti. Ta ce takardar nan musaya ce. Mutum yana zuwa da sirrin da duniya ba ta da shi, ya buɗe shi, hukuma kuma ta rubuta sunansa ta ba shi wasu shekaru shi kaɗai. In ya riga ya buɗe wa duniya da kansa, to ba abin da ya rage da zai kawo. Akwai ɗan lokacin da ake ɗaga wa mutum ƙafa bayan ya nuna, amma nasu ya wuce da daɗewa.

Masaƙi ya zaci ba ta fahimce shi ba ne. Ya sake bayani. Ya ce a wurinsu ratayawa ita ce ke sa abu ya zama naka.

"Na gane, Baba," ta ce. "A nan kuma ita ce ke sa ya zama na kowa."

Ya ce shi ba ya son hana kowa saƙawa, ba ya son a ba shi shekaru, shekarun ma ba su da su. Layi ɗaya kawai yake so a rubuta cewa ita ce ta fara. Ta ce ba su da takarda irin wannan. Mai Rediyo ya tambayi batun kamfanin. Ta ce ba za ta iya cewa sun gani ne suka kwaikwaya ko su ma da kansu suka gano ba, amma in aka gabatar da wannan bidiyon, da wuya su ma a ba su. Ba za a rubuta sunan kowa ba ke nan. Masaƙi ya dubi hatimin da ke kan teburinta. Ya roƙe ta ta rubuta a farar takarda kawai ta buga masa, matar tana kwance, ba za ta san bambanci ba. Ma'aikaciyar ta dubi hatimin ita ma, ta ɗan jima, sannan ta ce ba nata ba ne, ba ta da ikon buga shi a kan abin da ofis bai bayar ba. Ta naɗe ƙyallen da kyau ta miƙa masa da hannu biyu, ta ce ya gai da mai jiki, ya gaya mata wata ta ga aikinta ta san abin da ta gani.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya juyo. Ya tambaya, da bai rataya ba fa? Ba ta so amsawa ba, amma ya tsaya yana jira.

"Da yau mun fara rubutawa," ta ce.

A hanyar dawowa Mai Rediyo bai yi tsokana ko ɗaya ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Da suka sauka ya ce zai leƙa teburinsa, ya tafi bai waiwayo ba. Masaƙi ya bi layin shi kaɗai, yana wuce sanduna, wasu da sabon aiki a rataye yana kaɗawa. Tun daga ƙofar rumfa ya jiyo ƙit, ƙit. Mai Wanki ta leƙo ta kan katanga da kumfa a hannu tana tambaya ko an dace, ya yi kamar bai ji ba.

Auta tana zaune a gefen uwar tana ba ta ruwa da cokali. Ya zauna a bakin gado, ya cire hula ya riƙe. Ya ce an karɓe su hannu bibbiyu, matar ofis ta yaba aikin ƙwarai, ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba. Takardar dai sai an buga ta, an ce ya koma wani mako. Auta ta yi hamdala. Maman Auta ta ƙura masa ido. Sannan ta ce ya matso. Ta kama gefen bargon da hannunta da ya zama kamar kara, ta janye shi daga jikinta ta yafa masa a ƙirji, ta riƙe.

Bargon ya fara kuka da sauri, ƙit ƙit ƙit, yana sarƙewa, yana tsayawa, yana sake ɓarkewa. Ya yi ƙoƙarin daidaita numfashinsa, abin ya ƙara lalacewa. Duk ɗakin ba abin da ake ji sai shi. Auta ta ajiye cokalin.

"Sandar ce?" Maman Auta ta tambaya.

Ya gyaɗa kai. Ya buɗe baki zai ce ai ta gaya masa ya dakata bai dakata ba, ta ɗaga yatsa ta tsayar da shi. Ta ce ya mayar mata da bargonta, sanyi take ji. Da ya lulluɓe ta sai ta ce ai haka ake yi a layin, ba shi ya fara ba, ita ma da ta gama gyara bakin da kanta za ta ce a rataya. Bai san ko gaskiya ta faɗa ba ko tausayinsa ta ji. Ta juya fuska wajen bango. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, kuma daga ranar ta rage cin abinci.

Washegari ya sa Auta ta rubuta masa sunan uwarta da manyan haruffa a bayan kwalin mayafin jariran nan, don shi karatunsa bai yi nisa ba. Ya kafa kwalin a gabansa a rumfa. Ya tattaro duk ragowar zaren da ta kaɗa, ya ja sabon aiki, fari, da niyyar saƙa sunan da jan zare a bakinsa daga wannan gefe zuwa wancan, ya kai mata ta gani, sannan ya rataya a sanda ya bar shi can har rana ta cinye shi. Ya gaya mata. Ta ce to, ya dai yi sauri, kuma kada ya karkace mata haruffa kamar yadda yake karkace hula.

Sai dai rubutu a saƙa ba ya fitowa harafi bayan harafi kamar a takarda. Duka suke tasowa tare, layi bisa layi, daga ƙafafunsu zuwa kai, kuma kowane layi sai an ƙirga zare an ɗaga da hannu. Idonsa ya tsufa. Yakan yi kuskure ya warware ya sake. Masaƙin tsallaken titi ya zo ya tsaya ya duba, ya ce ko a taya shi, ya ce a'a.

Ranar da abin ya faru Auta tana kanti. Mai Rediyo ya zo da safe, karo na farko tun ranar ofis, ya shiga ya gai da yayarsa, ya sa wa maɓallin sabon batir don ya ji kukan ya yi rauni. Ya gwada, kukan bai ƙaru ba. Ya fito ya zauna a benci a rumfa, ya dubi aikin ya ce wannan rubutu ne ko sawun kaji? Masaƙi ya ji daɗin tsokanar har cikin ransa, ya ci gaba da ƙirga zare. Rana ta karkata, inuwar sandar ta shigo rumfa. A bayan katanga Mai Wanki tana guga tana 'yar waƙarta. Jan zaren ya kai kusan tsakiyar haruffa, ƙafafu ne kawai a jere, ba wanda zai iya karanta su tukuna.

Hannun Masaƙi ne ya fara sani. Ya jefa ƙoshiya ya tsaya jiran kukan da zai dawo da ita, kamar yadda ya saba. Kukan ya zo a makare. Ya jefa, ya jira. Ya zo, siriri. Ya jefa.

Ƙoshiyar ta tsaya a hannunsa na hagu. Mai Rediyo ya ɗago kai ya dubi ƙofar ɗakin, sannan ya dubi ƙasa. Ba wanda ya tashi a cikinsu. Wata mota ta wuce a titi, wani yana rufe rumfarsa can ƙasan layi. A bayan katanga waƙar ta tsaya, aka ji an ajiye dutsen guga, sai ga kan Mai Wanki ya leƙo.

"Baban Auta, ban ji gyarenmu ba. Batirin ne ya ƙare?"